Ga Masu Cewa Duba Wayar Yaro Ƙauyanci Ne



Tun da muka yi kira ga iyaye su riƙa duba wayoyin 'ya'yansu, wasu matasanmu ke ta ce mana wai mun cika ƙauyanci, wai Turawa da suka waye sun bar kowa ya kalli abin da yake so. To, tunda Turawa ne hujjarku, mu je Ingila mu ga yadda aka yi.

A 1912 aka kafa hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, kuma shekara da shekaru tana yanke duk wani tsiraici. Daga shekarun 1960 aka fara sassautawa. Kafin a ankara, unguwar Soho da ke Landan ta cika da shagunan batsa da ƙananan gidajen silima. Wa ke tsaron kasuwar? 'Yan sandan da aka ɗora wa alhakin hana ta. A 1977 kotu ta ɗaure wasu manyansu saboda karɓar cin hanci daga dillalan.

Wayewa ce ta tura wannan harka, ko kuɗi? Talabijin ta kwashe wa silima 'yan kallo, sai masu shirya fim suka gano tsiraici na cika kujeru da arha. A 1974 Confessions of a Window Cleaner, wasan barkwanci mai cike da tsiraici, shi ne fim ɗin gida da ya fi kowanne kawo kuɗi. Come Play With Me na 1977 ya yi kusan shekara huɗu ana nuna shi a silima ɗaya a Landan. Tauraruwarsa, Mary Millington, ta kashe kanta a 1979 tana da shekara 33. Masu kuɗin kuwa sun ci gaba da kasuwancinsu.

Akwai wata malamar makaranta, Mary Whitehouse, da ta fara ƙorafi tun 1964. Dariya aka yi mata, har wani ɗan kasuwa ya sa wa mujallarsa ta batsa sunanta don cin fuska. Ba duk ra'ayinta muka yarda da shi ba, amma a batun yara lokaci ya ba ta gaskiya.

Da kaset ɗin bidiyo ya kai abin cikin gidaje, sai majalisa ta yi doka a 1984. Da intanet ta zo, dokar ta zama tsohon yayi. A 2023 rahoton kwamishinar yara ta Ingila ya nuna cewa a matsakaici yaro na fara ganin batsa yana da shekara 13. A shekarar aka yi sabuwar doka, kuma tun Yulin 2025 dole shafukan batsa su tantance shekarun mai shiga.

Kun ga ke nan, waɗanda kuke kafa hujja da su sun dawo suna gina katangar da suka rushe. Kullum doka a baya take zuwa, bayan ɓarna ta riga ta shiga ɗaki.

Kada kuma mu ce cutar Turawa ce. Wayar da ke hannun yaron Landan ita ce a hannun namu, alhali mu muna kasuwa tun asuba har isha. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku karɓi wayar da dare, ku san abokan ɗanku, ku yi masa bayani da bakinku kafin wani ya riga ku.

Allah Ya shirya mana zuri'a.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya