Daga Karofi Zuwa Kwamfuta: Wa Ke Riƙe Da Muciya?

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da manhajar ChatGPT, labarin na'ura mai ƙirƙirarriyar basira bai bar gidajen rediyo da wayoyin hannu sun huta ba. Kusan a daidai wannan lokaci ne kuma aka ji manyan kamfanonin fasaha suna sallamar ma'aikata dubu-dubu, bisa dalilansu na rage kashe kuɗi: Meta ya sallami kimanin 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000, Microsoft kuwa 10,000, duka biyun a Janairun 2023. Wanda ya zauna a majalisar samari a Rano ko a Kibiya zai tarar an rabu gida biyu a kan waɗannan labarai. Wasu na murna, wai zamani ya zo da sauƙi. Wasu na fargaba, wai na'ura za ta ƙwace abincin talaka. To, amma murna da fargaba duk ba su taɓa ainihin maganar ba. Abin tambaya shi ne, idan sabuwar fasaha ta shigo gari, a hannun wa saninta yake, wa kuma yake yanka sharaɗin aikinta? Ƙasar Rano ta taɓa fuskantar wannan tambaya, kuma abin da ya same ta ya isa ishara.

A cikin labarin Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano ne aka kira sarakunan baba, watau masu saƙa da rini. Ko mene ne matsayin labarin a wajen masana tarihi, kirarin bai faɗo daga sama ba. A ƙarni na 19 garuruwan kudancin Kano, irin su Kura da Rano da maƙwabtansu, suna cikin ƙasar da masana'antar tufafi ta kafu. Manomi ya noma auduga da baba, mata su yi kaɗi, masaƙi ya saƙa, marini ya haɗa shuni da toka da katsi a karofi yana motsawa da muciya, mabugi ya buga har tufa ta yi ƙyalli, sa'an nan fatake su ɗauka. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin ƙasar Kano suke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Abin lura a nan shi ne, tun daga irin da aka shuka har zuwa kuɗin da aka ƙirga, sanin kowane mataki yana cikin ƙirjin 'yan gari. Yaron da ya shiga karofi yana ɗiban ruwa ya san wata rana shi ma zai riƙe muciya.

Sai ga shi a 1897 kamfanin BASF na ƙasar Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadarai, ba tare da an shuka ko ganye ɗaya na baba ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya sauƙaƙa shigowar yadin Turai. Daga baya aka kafa masaƙun zamani a gida, kamar ta Kaduna a 1957, su ma suka yi zamaninsu, akasarinsu suka rufe, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Mutanen Rano ba su daina sa tufafi ba, hasali ma tufa ta fi araha a kan da. Abin da ya bar gari shi ne sanin yadda ake yin ta, tare da ribar da ke bin sanin. Jikan marini ya koma yaron kanti ko ɗan dako, yana ɗaukar dilar da bai san yadda aka saƙa ta ba, ba shi kuma da ta cewa a kan farashinta.

Misali na biyu bai yi nisa ba. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka ja ruwanta ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Wannan fasaha ce wadda ta shiga hannun talaka, domin manomi ya koyi noman rani da kansa, ya iya rabon ruwa, ya iya reno da dashe. Albarkacinta ne kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta bunƙasa, samarin ƙasar Rano da dama kuma suka sami abin yi da rani maimakon tafiya cin rani. A watan Maris na 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, wadda aka gina don ta iya markaɗa tan 1,200 a rana. Kowa ya yi zaton asarar da ake yi ta ruɓewar tumatir ta zo ƙarshe. Amma ba a yi nisa ba injuna suka tsaya. A shekarar ne tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki, ga kuma rashin jituwa a kan farashi. An sake buɗe masana'antar a 2019, duk da haka ƙarancin tumatir ya sha hana ta aiki gwargwadon ƙarfinta.

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɓangare guda laifin wannan. Manomi yana da hujja: idan kwando ya yi tsada a Kwanar Gafan, don me zai kai wa kamfani a kan farashin da bai kai ba, alhali shi ya sayi taki da magani da man inji? Kamfani shi ma yana da tasa: ba zai zuba kuɗi masu yawa a kan injin da ba zai ga tumatir ba sai ranar da kasuwa ta faɗi. Inji ya zo, amma yarjejeniyar da za ta ɗaure mai gona da mai inji, kowa ya san rabonsa a shekarar yalwa da shekarar tsanani, ita ce ba ta yi ƙarfi ba. Ƙarfe kuwa ba ya ɗaukar alkawari, mutane ke ɗauka.

Misali na uku yana bakin kowace kasuwa da tashar mota. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, har mai hatsi da mai akuya a kasuwannin ƙauye suka rasa yadda za su yi ciniki, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A wannan ƙunci ne 'yar na'urar nan ta POS da asusun waya na kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka ratsa ƙauyuka. Ko shakka babu sun yi amfani. Mutumin Kibiya da a da sai ya biya kuɗin mota ya nemi banki, yanzu yana karɓar aike a ƙofar gida. Sai dai a dubi yaron da ke zaune cikin rumfar tun safe har bayan isha'i. Manhajar ba tasa ba ce, na'urar da jarin na maigidansa ne. Idan sadarwa ta yanke a tsakiyar ciniki, ko wani macuci ya nuna masa shaidar tura kuɗi ta ƙarya, sau da yawa daga ɗan ladansa ake cirewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya yi shekara uku a rumfar, abin da ya koya bai wuce danna lambobi ba.

Doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutacciyar takarda kafin cikar wata 3 da fara aiki, mai bayyana irin aikin, da lada, da sa'o'in aiki, da hutu, da yadda za a rabu. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta amince da 71,000 ga ma'aikatanta. Amma dokar albashin ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho, da 'yan ƙodagon gona na lokaci-lokaci. Ashe ke nan yaron POS da mai tsinkar tumatir suna waje da inuwarta.

Mai karatu na iya cewa, to sai a guji manyan kamfanoni ke nan? Ko kusa. Garin da ya ƙi jari ya zaɓi talauci da kansa. Rano ma ta haifi babban ɗan kasuwa, Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, wanda gidajen mansa na A. A. Rano suka bazu a sassan Nijeriya, jiragen kamfaninsa na Rano Air kuma suka fara jigilar fasinja a 2023. Wannan ya nuna ɗan ƙasar nan yana iya zama mai kamfani, ba sai yaron kamfani kawai ba. Abin da ake cewa shi ne a sake ma'auni. Duk kamfanin da ya shigo, na gida ne ko na waje, kada a tsaya ga tambayar mutum nawa ya ɗauka. A tambayi nawa ya koya wa gyaran injinsa, nawa ya ba takardar aiki, nawa kuma suka fita daga hannunsa suka tsaya da ƙafafunsu.

Wannan magana ta shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Tun 2013 aka sa Hausa cikin manhajar fassara ta Google, kuma na'urorin da ke rubutu da amsa tambaya da rubuce-rubucen mutane ake horar da su. Watau harshe ya zama ɗanyen kaya, kamar yadda auduga da gyaɗa suka zama a zamanin Turawa. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Kenya waɗanda aka ɗauka su tace munanan rubuce-rubuce domin horar da irin wannan na'ura, a kan ladan da bai kai Dala 2 a sa'a ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aikin fassara da gyaran rubutu da naɗar murya na Hausa yana ƙaruwa, kuma masu digirin Hausa ne za a nema. Idan suka shiga ɗai-ɗai, ba su san darajar abin da ke bakinsu ba, ba su kuma san yadda na'urar ke aiki ba, za su zama masu ɗiban ruwa a karofin wani har tsufa.

Gyara ba ya buƙatar jiran Abuja. Na farko, rubutacciyar yarjejeniya ta zama al'ada. Musulunci ya riga ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka ba baƙon abu ba ne maigida da yaronsa su rubuta, da boko ko da ajami, abin da za a biya da wanda zai ɗauki asara idan ta auku, a gaban mai unguwa ko shugaban kasuwa. Masarautar Rano, wadda dokar 2024 ta ba Rano da Bunkure da Kibiya, tana da hakimai da dagatai da za su iya tsayawa a kan haka. Na biyu, manoma su yi ciniki da kamfani a ƙungiyance, a yanka farashi tun kafin dashe, a kuma rubuta yadda za a raba riba da asara, domin tsinke ɗaya ba ya shara. Na uku, makarantar koyon fasahar karkara da sana'a da ke Rano, ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da jami'ar kimiyya ta Wudil, su fuskanci abin da ke lalacewa a ƙauye: injin ban-ruwa, farantin hasken rana, wayar hannu, na'urar busar da tumatir. Sassan Hausa na jami'o'i kuwa su haɗa hannu da sassan kwamfuta, su tara kalmomi da muryoyi da rubuce-rubuce a rumbu nasu, su yanka sharaɗin wanda zai ɗiba.

Masu iya magana sun ce zamani riga ne, kowa da irin wadda ya tarar. Babu mai cewa a koma karofi, kuma na'ura ba za ta tsaya a Kwanar Ɗangora tana neman izinin shigowa ba. Amma kakannin mutanen Rano ba don yawan sa tufafi aka kira su sarakunan baba ba, sai don sun san haɗin, su ke kuma riƙe da muciya. Yaron da ke rumfar POS a Kibiya yau, da ɗalibar da za a ba aikin fassara gobe, suna da hakkin a koya musu haɗin, a kuma rubuta musu ladansu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa shugabanni da iyaye da malamai su farga tun da sauran lokaci, amin.