Laifin Mai Kira Ne, In Ji Masu Gidan Rediyo

Ranar 24 ga Fabrairu 2021 allurar rigakafin korona 600,000 ta sauka a Accra, Ghana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta samu kasonta daga shirin COVAX. Kafin allurar ta iso Kumasi, jita-jita ta riga ta sauka: wai tana kashe mazakuta, tana hana haihuwa. A wurin mai koko, nan kusa da fadar Manhyia, na ji wata dattijuwa ta riƙo zanen jikarta tana cewa, "Kul, 'yar nan, kar ki bari a soka miki. A rediyo na ji." Ba ta san sunan wanda ya faɗa ba. Tunda daga akwatin ya fito, ya ishe ta hujja.

Masu gidajen rediyo sun san irin wannan amana da aka ba su, da ita suke cin abinci. Amma ka tuhume su, amsarsu ɗaya ce: mai kiran waya ne ya faɗi ra'ayinsa, ko mai magani ne ya sayi fili, kuma tsarin mulkin 1992 ya ba kowa damar faɗar albarkacin bakinsa. 'Yan jarida da 'yan boko da yawa sun hau kan wannan magana sun zauna. Ni ban yarda da ita ba.

Na san abin da aka sha kafin a samu 'yancin nan. A 1994 jami'an tsaro suka rufe gidan rediyon Radio Eye suka kwashe kayanta, kuma sai a 2001 aka soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna. Ba na fatan a koma can. Sai dai mai kira bakinsa kawai ya mallaka, a zaure mutum goma za su ji shi. Wanda ya karɓi lasisi daga hukumar sadarwa ta NCA, ya ƙirga sidin mai magani ya sa aljihu, ya buɗe masa makirufo rabin awa, shi ne ya kai maganar ɗakunan Aboabo, Asawase da Sabon Zongo. Don me zai ci kuɗin, alhakin kuma ya ce na wani ne?

Mu 'yan zango bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano bisa zargin an sa maganin hana haihuwa a ciki. Zargin bai faɗo daga sama ba, mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ba, kuma duk wanda ya raina wannan tsoro bai san ciwon iyaye ba. Amma kafin a ci gaba da rigakafin a Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Ghana. Yaran da ƙafafunsu suka shanye ba su kira gidan rediyo ba, ba wanda ya nemi ra'ayinsu.

Wa ke tsawatarwa yau? Hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta NMC sai dai ta yi nasiha. Da ta kafa ƙa'idojin shirye-shirye, Kotun Ƙoli ta rushe muhimman sassansu a 2016, dokar watsa labarai kuwa shekara da shekaru ana jiran majalisa. Cikin abin da ya rage akwai sashe na 208 na dokar laifuffuka, na yaɗa labarin ƙarya, wanda 'yan sanda suka fi tunawa da shi in an taɓa manya. Mai cewa yana warkar da ciwon suga da ruwan kwalba yana nan da filinsa.

Ban ce a ɗaure kowa ba. A wajabta wa kowane gida ajiye faifan abin da ya watsa. In ƙaryar lafiya ta fita, a gyara ta a sa'ar da aka faɗe ta, da harshen da aka faɗe ta, ma'aikacin lafiya na zaune a gaban makirufo. In gidan ya maimaita, tara ta hau kan mai lasisi. Kuma NMC ta ɗauki masu sauraro da ke jin Hausa, ta zaunar da su a nan Kumasi.