Bonsai kan dutse: Ganye ne ke ƙara wa saiwa kauri

Duk wanda ya taɓa ganin 'yar bishiyar bonsai da saiwoyinta suka rungume dutse kamar yatsun hannu, da wuya bai yi sha'awar mallakar irinta ba. Japanawa na kiran wannan salo sekijoju. Fasahar renon bishiya a ƙaramin kasko ta samo asali ne daga China, inda ake kiranta penjing, har akwai zanenta a bangon kabarin Yarima Zhang Huai na shekarar 706. A ƙasashe masu zafi kamar Taiwan da Indonesiya, dangin ɓaure ne aka fi amfani da su, musamman nau'in Ficus microcarpa, saboda saiwarsu na da ƙarfin girma, kuma idan saiwa biyu suka matsu da juna sukan haɗe su zama ɗaya.

Kukan da sababbin masu wannan sha'awa suka fi yi shi ne saiwoyin sun ƙi yin kauri, suna nan sirara kamar zare, ba su kama dutsen ba. Daga nan wasu sai su jibga taki, wasu su tone ƙasa da wuri don a ga saiwar, wasu ma su shafa gam. Duk wannan ɓata lokaci ne, kuma sau da yawa bishiyar ce ke mutuwa, kuɗi da wahalar shekaru su tafi a banza.

Abin da ya kamata a gane shi ne ganye ne ke ciyar da saiwa. Shi ke haɗa abinci da hasken rana, abincin ya gangaro ta ƙarƙashin ɓawo har zuwa saiwa, a nan ne sabon nama ke hawa kan tsoho. Bishiyar da ake yi wa aski kowane wata don ta ci gaba da zama ƙarama ba ta da rarar abincin da za ta tura ƙasa. Taki na taimakawa, amma idan ya yi yawa ƙone ƙananan jijiyoyi yake yi.

Hanyar da ƙwararru ke bi a bayyane take. A fara renon dashen a doguwar tukunya har saiwoyinsa su yi tsawo. Sai a ɗora shi kan dutse mai kaushi, a bi da saiwoyin ta cikin tsagoginsa, a ɗaure su tamau da igiyar rama ko kaba, a naɗe da leda don kada su bazu gefe. Waya na cin saiwa ta bar tabo, don haka gara a guje ta. Ƙarshen saiwoyin dole ya zarce gindin dutsen ya shiga ƙasa. Bayan haka a binne dutsen baki ɗaya a babban mazubi ko a ƙasa, cikin yashi mai tsane ruwa, a bar rassa su yi ta girma ba yanka, shekara biyu ko uku.

Tonowa ma a hankali ake yi, 'yan santimita kaɗan a lokaci guda, don saiwar ta saba da iska ta yi ɓawo. Idan saiwa ɗaya ta fi sauran kauri, a rage mata tsawo don 'yan uwanta su kamo ta.

Masu ƙorafi na da hujja. A tsawon waɗannan shekaru abin ba ya da kyan gani: dutsen na ɓoye, bishiyar ta yi buzu-buzu, mai sayar da shuke-shuke kuma ya fi son abin da zai fita da wuri. Amma bishiyar da aka ɗora jiya aka sayar yau zaune kawai take kan dutse, ba ta riƙe shi ba. Mai saye ya ɗan girgiza dutsen kafin ya biya. Idan ya motsa a tsakanin saiwoyin, aikin bai nuna ba.

Mai sha'awar gwadawa a ƙasar Hausa ba ya buƙatar dashen ƙetare. Ceɗiya da durumi da gamji duk dangin ɓaure ne, kuma ceɗiya na kamawa daga yankakken reshe. Saboda haka babu dalilin da zai sa a je a tumɓuke bishiyoyin da suka yi shekaru suna tsirowa a tsagogin duwatsun Jos, bayan da wuya su rayu idan an raba su da wurinsu. Lokaci ma abin lura ne: farkon damina ya fi dacewa da dashe da tono, domin iskar hunturu na busar da sabuwar saiwa nan da nan.

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wanda ba zai iya jure ganin dutsensa a binne na shekara uku ba, gara ya zaɓi wani salon bonsai, ya bar wannan ga masu iya jira.