"Masha Allah, ya yi kyau" ba gyara ba ne

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai ɗan yi tsawo. Na san wasu 'yan ajinmu za su karanta su ce kamar da su nake. To, da ku nake. Da kaina ma nake.

A zangon da ya wuce mun yi kwas ɗin hoton jarida, mu goma sha tara 'yan digiri na biyu. Malam ya ba mu aiki: kowa ya kawo hotuna uku baƙi-da-fari na mutum a bakin sana'arsa. Ya ce za a haska su a bango ɗaya bayan ɗaya, shi ba zai ce uffan ba, mu ne za mu yi wa juna gyara, sannan wanda ya ga dama ya koma ya sake ɗauka. Mako shida ya bari tsakanin ranar haskawa da ranar miƙa aiki.

Ni ɗan Panda ne, saboda haka ban wahalar da kaina ba. Na hau mota daga Keffi na je gida, na sami Gwaggona a rumfarta a kasuwa tana ƙulla daddawa. Tun kafin a haife ni take wannan sana'a. Da ƙyar ta yarda. Ta ce, "Kai ɗan nan, me za ka yi da hoton tsohuwa?" Rana ta take tsaka, ta yafa farin mayafinta, na ɗauka, na leƙa ɗan gilashin kyamara cikin ƙyallin rana na ga kamar ya yi, na dawo makaranta.

Ranar haskawa hotona ya fito a bango. Wani ya ce Masha Allah. Wani ya ce kai, wannan ya yi ma'ana. Wata ta ce ya tuna mata da kakarta. Wani daga baya ya ce kamar a mujallar Turawa. Ko minti biyu ba a yi ba aka wuce na gaba, ni kuwa na koma kujera kaina ya kumbura. Ban sake komawa Panda don hoto ba. Me zan je in gyara, tun da mutum goma sha takwas sun ce ya yi?

Da aka dawo mana da ayyukanmu, tambaya ɗaya Malam ya rubuta da jan biro a gefen hoton: ina fuskarta? Na buɗe shi a kwamfuta na ƙura masa ido. Gaskiyarsa ce. Mayafin ya fito toka-toka, fuskar kuwa dunƙulen baƙi kawai. Ba ido, ba tsagar kumatunta, ba wannan ɗan murmushin da take yi in ta san mai ciniki zai yi mata tayin wulaƙanci. Ashe hoton mayafi na ɗauko.

Da daddare a teburin mai shayi na nuna wa wani abokina ɗan ajinmu. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Wallahi tun ranar na gani, nauyinka na ji." Ya ƙara da cewa wasu biyu ma sun lura, har sun yi maganar a tsakaninsu bayan an tashi. Wato mutum uku sun ga ramin, suka bar ni na faɗa, don suna jin nauyina.

Makin da na rasa bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Gwaggo ta daina fita kasuwa, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, yanzu wata ce a rumfar. Zan iya ɗaukarta a tsakar gida, amma hotonta a bakin sana'arta ya wuce ke nan. A cikin wannan mako shida da kalma ɗaya ta fito daga bakin mutum ɗaya, da na hau mota na koma.

Na san abin da za a ce min. Za a ce mu mutanen kara ne, mutanen kunya, ba ma tozarta mutum a bainar jama'a. Ɗan'uwa, bari mu yi wa kanmu adalci. Wane tela ne a kasuwar Keffi yaronsa zai ɗinka hannun riga a karkace ya ce masa Masha Allah? Reza zai ɗauka ya farke ɗinkin a gabansa, kuma babu wanda zai ce maigidan ba shi da kara. Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ya san in kana kawo hadda abokinka na riƙe maka, ka tsallake kalma ɗaya take zai tare ka, ba ya jira sai an tashi ya gaya wa wani a hanya. Kakanninmu ne suka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai da muka zo jami'a, muka sa takalmi sau-ciki, sannan muka raɗa wa tsoro suna kara.

Tsoro ne mana. Kowa na lissafin cewa in na taɓa hoton wane yau, nawa na tafe bayan minti goma, zai rama. Sai muka ƙulla yarjejeniyar da ba a rubuta ba: yabe ni in yabe ka, mu duka mu fita lafiya. Ni ma ina ciki. Wata 'yar ajinmu ta kawo hoton mai faci, sandar wutar lantarki ta tsiro daidai tsakar kansa kamar ƙaho. Na gani sarai. Me na ce? Na ce hoton yana da saƙo. Taku biyu kawai za ta yi zuwa hagu sandar ta kauce, amma na yi shiru, don a ajinmu in namiji ya yi wa mace gyara sai a ce ko dai yana sonta ko yana jin haushinta.

Abin da ya kamata abokina ya faɗa min ranar bai fi maganar minti ɗaya ba. Ma'aunin hasken kyamara, ta waya ce ko babba, yana ƙoƙari ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa toka-toka matsakaici, wanda masu sana'ar ke kira toka mai kashi 18 cikin ɗari. In farin mayafi ko farar babbar riga ta cika hoton, sai kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi. Farin ya koma toka, fuskar da take baƙa dama ta nutse gaba ɗaya. Maganin ba kuɗi yake ci ba: ka ja mutum inuwa, ka auna hasken a kan fuskarsa, ko ka sa yaro ya riƙe farin kwali ya mayar da haske ƙarƙashin haɓarsa, ko ka haƙura sai bayan la'asar rana ta yi sanyi. Kusan kowane ɗayanmu ya san wannan a takarda, mun rubuta shi a jarrabawa.

Kuma hoton baƙi-da-fari ya fi kowane irin hoto buƙatar idon wani. Kai da ka ɗauka kana kallonsa ne da abin da ka tuna. Ni ina ganin fuskar Gwaggo a cikin wannan duhun saboda na san ta tun ina goye. Kai kana ganin jan tumatir a kan koren ganye saboda kana wurin, alhali in an cire launi ja da kore masu ƙarfin haske ɗaya suna iya komawa toka iri ɗaya, su manne da juna. Wanda bai je wurin ba shi kaɗai zai iya gaya maka abin da ya rage a takarda. In ya yi shiru, ya hana ka abin da ba za ka taɓa gani da kanka ba.

Akwai kuma wasu a ɗaya ɓangaren, kada su ɗauka ina kare su. Masu manyan kyamarori, su biyu ko uku a kowane aji, waɗanda gyaransu bai wuce "ai da waya ka ɗauka" ba. Wannan baje kolin kaya ne. Su ne ma suke ba masu Masha Allah hujja, don duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan dariyar ba zai so a sake buɗe bakin gyara a aji ba. Har akwai mai cewa wai baƙar fata ce ba ta fitowa a baƙi-da-fari. Don Allah ya je ya nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Da hasken rana yake aiki a tsakar gidansa, sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum, amma ka ga fata tana sheƙi, ka ga zanen atamfa zare-zare. Ya duba Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wanda aka ba babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a Italiya a 2007. Ya duba namu na gida, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968 ya tara kusan hoto dubu, baƙin gashi a kan baƙar fata, kuma kana iya ƙirga layin kitso. Wayar da ke aljihunka tana yi maka lissafin da su da ido da ƙwaƙwalwa suke yi.

Ga wani gyaran da ya fi na haske nauyi, shi ma muka haɗiye shi. Kusan rabin ajin almajiri suka kawo, ko tsohon mabaraci a bakin titi. An ce mutum a bakin sana'arsa, mu 'yan Arewa abin da muka ga ya dace mu nuna ke nan. Baƙi-da-fari yana da wata dabara, yana sa yagaggiyar riga ta yi kyau a ido, ƙazanta ta koma kamar ado, sai mai kallo ya ce hoton ya taɓa shi. Babu wanda ya tambaya: ka nemi izinin yaron? Ka san sunansa? Ya san za a haska fuskarsa a bango, daga nan ta wuce Facebook? In ƙaninka ne za ka yarda? Mu da muke kukan jaridun waje ba sa nuna komai a Arewa sai bara da kango, mun zauna mun tafa wa junanmu a kan abin da muke zarginsu da shi.

Magana mafi wuya ita ce wadda ake yi ƙasa-ƙasa. Ajinmu haɗaka ne, akwai Eggon, akwai Mada, akwai Gbagyi, akwai Tibi, akwai 'yan Kudu. Sai ka ji an ce kada ka kunyata naka a gaban mutane, kuma kada ka taɓa na wani don kar a ce ƙabilanci ne ko addini. Na fahimci wannan tsoron, a jihar nan muka tashi, mun san yadda ƙaramar magana take zama babba. Amma ku duba inda ya kai mu: naka ba ka gyara shi ba, na wani ba ka gyara shi ba, to wa ya rage? Kuma ranar da za ka tsaya gaban mai jarrabawa daga waje ka kare kundinka, ko ranar da edita zai jefar da hotonka ba tare da ya gaya maka dalili ba, waɗanda suka rufa maka asiri a aji ba sa nan. Ƙungiyar masu hoto ta Magnum, wadda su Henri Cartier-Bresson da Robert Capa suka kafa a 1947, har yau 'ya'yanta ne suke zama su duba aikin mai son shiga su jefa ƙuri'a, kuma sai ya yi shekaru yana sake kawo aiki kafin ya zama cikakken ɗan ƙungiya. Mu kuwa minti biyu muke ba hoto mu ce ya yi.

Ba na cewa a daina cewa Masha Allah. Ka faɗa, amma ka ci gaba. Ka ce ga inda idona ya fara sauka. Ka ce ga abin da na nema ban gani ba. Ka tambayi mai hoton me yake so mu gani, in abin da ya faɗa ba shi ne a bango ba ka gaya masa. Hoton kake magana a kai, ba tarbiyyar gidansu ba. Wanda aka yi wa gyara kuma ya riƙe bakinsa ya rubuta, ba sai ya fara bayanin cewa ai rana ce ta yi yawa ba, mun san rana ta yi yawa, shi ya sa muke magana.

'Yar ajinmu mai hoton mai faci, na riga na same ta na ba ta haƙuri, ta ce ita ma ta ga duhun fuskar Gwaggo. Mun zama huɗu ke nan, ko in ce sun zama huɗu. Ranar Asabar zan je Panda da farin kwali, in zaunar da Gwaggo a inuwar zaure da tiren daddawarta. Ranar Laraba bayan lacca zan kawo hotunan ajin da muka saba zama. Duk wanda ya zo ya zo da nasa, kuma wanda ya ce min ya yi kyau zan tambaye shi ta ina.