Almakashin Zamani da Bidiyon Bukukuwanmu

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani abu da muke gani kamar wasa, alhali kuwa ya shafi abin da za mu bar wa jikokinmu.

Kwanan baya muka taru a wani gida a Maamobi domin kallon bidiyon auren wata 'yarmu. Yaron da ya yi aikin ya iya sana'arsa, babu mai kushe masa. An ga lalle, an ga ankon mata, an ga rawa da liƙi, kiɗa kuma na tashi daidai inda ya kamata. Sai uwar amarya ta ce, "Ku dakata, yanzu za a nuno Baba." Tana nufin mahaifinta, dattijon da ya tashi a wurin ɗaurin aure ya yi jawabi mai tsawo, ya faɗi garin da kakanninsa suka fito, da hanyar fataucin goro da ta kawo su Salaga, da yadda suka gangaro Ankara suka zauna a Nima. Aka nuno shi yana gyara rawani, ya buɗe baki, sai hoto ya koma kan masu rabon abinci. Da aka kira yaron aka tambaye shi, sai ya ce, "Hajiya, maganar ta yi tsawo, shi ya sa na yanke." Aka ce to ya kawo asalin ɗaukar. Ya ce ya goge, domin wayarsa ta cika. Shi kuwa dattijon, Allah Ya yi masa rasuwa wata biyu bayan bikin. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya rasa ta cewa.

Kafin mu ɗora wa yaron laifi, ya kamata mu fahimci yadda aikin yake. Bidiyo hotuna ne a jere, guda 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, suna wucewa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Idan aka zuba shi a manhajar tacewa irin su CapCut da KineMaster a waya, ko Adobe Premiere a kwamfuta, sai ya miƙe a ƙasan allo kamar ƙyalle a kan teburin tela. Abubuwa 3 ne mai tacewa ya fi yi. Na farko rabawa: ya tsaya a daidai wurin da yake so, ya tsaga ɗauka guda ta zama biyu, amma babu abin da ya ɓata tukuna. Na biyu datsewa: ya ja bakin ɗaukar daga farko ko daga ƙarshe, ya rage inda kyamara take rawa ko inda ake jiran liman ya iso. Na uku gogewa: ya tsaga nan, ya tsaga can, ya cire na tsakiya. Idan ya cire, ko dai a bar gurbi baƙi, ko kuwa sauran hotunan su matso su rufe wurin. Yawancin manhajojin waya da kansu suke rufewa, shi ya sa mai kallo ba ya sanin an taɓa cire wani abu.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Duk wannan yanke-yanke, manhajar ba ta taɓa asalin ɗaukar. Lissafi kawai take ajiyewa cewa a nuna daga minti kaza zuwa minti kaza. Sai an gama sannan ta fitar da sabon bidiyo daban, asalin yana nan yadda yake. Ashe jawabin Baba bai ɓace ranar da aka yanke shi ba. Ya ɓace ne ranar da aka goge asali domin a sami wuri a waya.

Waɗanda suka girma kafin zuwan wayar hannu za su tuna zamanin kaset. A lokacin sai an haɗa na'urar bidiyo biyu, ɗaya tana nunawa ɗaya tana ɗauka, mai aiki yana danna maɓalli da hannu. Idan ya yi kuskure a tsakiya, sai ya sake daga nan har ƙarshe, kuma duk kwafin da aka yi daga kwafi hotonsa ya fi dushewa. Da kyamarar VHS William Akuffo ya yi fim ɗin Zinabu a 1987, wanda ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a Gana, kafin 'yan Tumbin Giwa su fito da Turmin Danya a Kano a 1990. Saboda wahalar tacewa, masu ɗaukar biki a Zango ba su cika yankewa ba. Sai su ba ka kaset na awa 3 da komai a ciki, har da tarin tsofaffi da kukan jarirai. Muna ƙorafi a lokacin cewa ya yi tsawo, yau kuwa duk gidan da irin wannan kaset ya tsira, dukiya ce.

Ƙasarmu ma ta ga irin wannan darasi. Bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, an lalata finafinai da yawa na zamanin Kwame Nkrumah. A 1996 kuma gwamnati ta sayar wa wani kamfanin Malesiya kashi 70 cikin 100 na kamfanin finafinai na ƙasa, aka buɗe gidan talabijin na TV3 a 1997, tsofaffin faya-fayai masu yawa suka lalace saboda rashin kulawa. Abin da ya tsira shi ne asalin faya-fayan da aka ajiye a Landan, waɗanda Chris Hesse, mai ɗaukar hoton Nkrumah, ya shafe shekaru yana fafutukar ganin ba su salwanta ba. Idan ƙasa guda ta kusa rasa tarihinta ta wannan hanya, ina ga iyali guda a lungun Nima?

Mu kuwa mutanen Zango mun fi kowa bukatar kiyayewa, domin tarihinmu a bakin tsofaffi yake, kaɗan ne ya shiga littafin makaranta. Waɗanda suka ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 da idonsu, suka raka maƙwabta tasha suna kuka, kullum raguwa suke yi. Ba sa zama a yi musu tambayoyi a rubuta. A wurin suna da aure da addu'ar arba'in ne bakinsu yake buɗewa, su ambaci dangi suna bayan suna, da irin Hausarsu ta da, wadda 'ya'yanmu suke ta cakuɗawa da Turanci da Tiwi. Daidai wannan wurin ne kuma almakashi yake ci, saboda mai tacewa yana neman abin da zai yi kyau a TikTok.

Akwai wata ɓarna da ta fi wannan. Malami zai ce a wa'azi, "Wasu suna cewa kaza, amma wannan magana ba ta da tushe." Sai wani ya tsaga bayan "kaza", ya jefar da ragowar, ya watsa a WhatsApp. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka, an ce malam ya faɗi abin da ya tashi rushewa. Ba a ƙara masa ko kalma ɗaya ba, amma an yi masa ƙarya. Muna koya wa yara a aji cewa kada su yanke wa jimla hukunci sai sun kai aya, to manya ma muna bukatar wannan darasi. Idan aka turo mana guntun bidiyo na daƙiƙa 20, mu lura ko maganar ta fara daga tsakiya, ko kan mai magana ya yi tsalle, ko sautin ya canja farat ɗaya. Sannan mu nemi cikakken kafin mu tura wa wani.

Ba muna cewa a daina tacewa ba ne. Tela ma sai ya yanka yadi kafin riga ta fito, kuma babu mai son kallon awa guda ana jera kujeru. Sana'a ce mai kyau da take ciyar da matasanmu da dama. Shawararmu dai ita ce, tun ranar ciniki mai biki ya faɗa wa mai ɗauka cewa abu biyu zai karɓa: gajeren da aka tace domin nunawa, da asalin ɗaukar gaba ɗaya. A sayi filashi, a sa kuɗinsa cikin lissafin biki kamar yadda ake sa kuɗin goro. A yi kwafi biyu, ɗaya a wani gida daban, domin mun san halin damina da ambaliya a unguwanninmu. Kada a dogara da wanda aka turo ta WhatsApp, domin yakan matse bidiyo ya rage ingancinsa. A rubuta ranar biki da sunayen dattawan da suka yi magana. Mai tsohon kaset kuma ya hanzarta kai shi a juye kafin fumfuna ta cinye.

Ku kuma 'ya'yanmu masu wannan aiki, amana ce a hannunku. In za ku cire maganar dattijo ko addu'ar liman, ku tambayi masu biki tukuna, kuma kada ku goge asali sai kun miƙa shi hannu da hannu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, wannan ciwo kuwa ba shi da magani ko kaɗan.

Uwar amaryar nan har yau tana bin waɗanda suka halarci ɗaurin auren, ko wani ya ɗauki jawabin da wayarsa. Duk wanda yake da irin wannan ajiya ta wani gida, don Allah ya kai musu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu iya riƙe abin da suka bar mana, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.