Ƙonannen katako na Japan: Mu gwada shi a Panteka kafin a sayar mana da shi da tsada

A ƙarshen daminar bara ne gara ta gama da ƙyauren shagon mahaifina da ke Kawo. Daga waje lafiya lau yake, fenti na sheƙi, amma da na danna shi da yatsa sai ya lotsa kamar biredi. Shekara 4 kacal da sa shi, kuma kafintan da ya yi aikin sai da ya shafe katakon da baƙin mai kafin ya buga fenti. Duk mai gida a Unguwar Sarki, Badarawa, Malali ko Unguwar Dosa ya san irin wannan asara, ko a ƙofa, ko a silin, ko a katakon rufi.

Ina wannan jimami ne wani abokina da ya karanta zanen gine-gine ya nuna mini hoton wani gida a Japan, bangonsa duk katako ne baƙi ƙirin kamar gobara ta lashe shi. Ashe da gangan aka ƙona shi. Japanawa na kiran wannan aiki yakisugi: "yaki" ƙonawa, "sugi" kuma sunan itacen da suke amfani da shi. A Turai da Amurka an fi saninsa da shou sugi ban. An daɗe ana yin sa a yammacin Japan, tun zamanin Edo, wanda ya ɗauki daga 1603 zuwa 1868. Daga baya ya ja baya da zuwan kayan gini na masana'anta, kafin masu zanen gine-gine irin su Terunobu Fujimori su sake fito da shi.

Yadda ake yi ba wani sirri ba ne. Akan haɗa falanki 3 a ɗaure su tsaye, su zama kamar bututun hayaƙi mai kusurwa uku, a cinna wuta daga ƙasa. Iska na jan wutar zuwa sama, cikin 'yan mintoci fuskar katakon ta ciki ta zama gawayi, sai a kwance a kashe da ruwa. Wannan ɓawon gawayi shi ne rigar katakon. Wutar ta cinye abin da ƙwari da ruɓa ke ci a saman itacen, ruwan sama na zubewa a kansa, rana kuma ba ta cin sa kamar yadda take cin fenti. Idan a cikin ɗaki za a sa, sai a goge gawayin da burushi, a shafa mai, don kada ya riƙa ɓata tufafi.

Da na kai wa mahaifina wannan labari, dariya ya yi. Ya ce a ƙauyensu, duk wanda zai kafa dirka ko ginshiƙin rumfa sai ya babbake gindin itacen kafin ya binne shi. Magina na dā kuwa da azara suke rufi, wadda ake tsagawa daga giginya, domin gara ba ta iya mata da sauƙi. Ke nan dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bambancin shi ne Japanawa sun riƙe tasu, sun gyara ta har ta zama sana'ar da duniya ke saye, mu kuma muka yar da tamu muka kama baƙin mai da silin roba.

Ra'ayina shi ne ya kamata Kaduna ta ɗauki wannan aiki da gaske, amma ba a matsayin ado na masu kuɗi ba. Tuni na fara ganin teburan da aka ɗan lasa wa wutar gas a wuraren cin abinci na Unguwar Rimi, don launi kawai. Wannan kwalliya ce, ba ta kare komai. Idan muka tsaya a nan, gobe za a shigo mana da falankin daga waje a kan farashin dala, a jera a gidajen manya, talaka kuma ya ci gaba da sauya ƙyaure duk bayan 'yan shekaru.

Abin da ke gabanmu ya fi ado girma. Itatuwa masu ƙarko irin su maɗaci da madobiya suna ƙarewa. Madobiya ma, saboda yawan sarewa ana kaiwa Sin, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2017. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne katako mai laushi irin melaina, wanda ke saurin girma. Idan wuta za ta iya ƙara wa irin wannan katako ko da 'yan shekaru, to an rage sarar daji, an rage wa magidanci kashe kuɗi, an kuma rage baƙin man da ke tsiyaya cikin ƙasa kusa da rijiyoyinmu.

Sai dai a faɗi gaskiya. Ƙonawa ba ta mayar da katako ƙarfe. Ɓawon gawayin bai wuce 'yan milimita ba, kuma garar ƙasa tana bi ta inda aka yanka ko ta inda katako ya taɓa ƙasa. Haka nan duk wanda ya ce maka ƙonannen katako ba ya cin wuta, ciniki yake nema. Itacen sugi kuma ba melaina ba ne, yanayin Japan ba na Kaduna ba ne. Katakon da ya sha ruwan Agusta, ya zo ya sha bushewar hunturu a Janairu, yana iya tsagewa ya buɗe wa gara ƙofa. Su kansu kafintoci suna da hujja idan suka ce cinna wuta kusa da tarin katako da dusar zarto a lokacin hunturu ganganci ne.

Shi ya sa na ce a gwada, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, muna da kwalejin gandun daji ta tarayya a Afaka, ga kuma Panteka, inda babu abin da za ka kwatanta wa matasa su kasa ƙerawa. Me zai hana ɗaliban gini su ɗauki melaina da turare da sauran katakon da ake samu a kasuwanninmu, su ƙona wasu, su shafa wa wasu baƙin mai, su bar wasu haka nan, su kafa su a fili har damina 3, sannan su bayyana sakamakon da Hausa yadda kafinta zai gane? Kuɗin wannan gwaji bai kai na taron bita guda a otal ba. Idan ya yi kyau, ƙungiyar kafintoci ta ware fili nesa da shaguna, da ruwa a kusa, a koya wa yara masu koyon sana'a. Idan bai yi ba, mun huta da yaudarar 'yan talla.

Ni dai na fara nawa. Sabon ƙyauren shagon Baba, rabinsa mun babbake, rabi mun bar wa baƙin mai. Gara ce za ta yanke hukunci, in Allah Ya kai mu.