Zuciyar Matuƙi Ba Ta San Iyakar Ƙasa Ba

Tun 1925 jirgin sama ya sauka Kano, a 1964 kuma aka kafa makarantar koyon tuƙinsa a Zariya. Amma har yau ɗan manomin Bici, wanda aka sayar da gonar gado don karatunsa, in likita ya auna masa ido da kunne da zuciya ya ba shi takardar lafiya, ba lallai ta amfane shi a jirgin wata ƙasa ba. Hukumar can tana da ikon cewa sai likitanta ya sake duba shi, ya sake biya.

Ina dalili? Ai ma'aunin tushe ɗaya ne, na ICAO, wadda yarjejeniyar Cikago ta 1944 ta haifar. Ko kuwa zuciya tana sake bugu ne tsakanin Jibiya da Maraɗi? Ƙasashen Tarayyar Turai sun amince da takardun junansu. Mu kuwa a Yamusukuro, a 1999, ministocinmu suka yi alkawarin buɗe wa jirage sararin sama, matuƙansu na tsaye bakin ƙofa.

Muna kira ga hukumar NCAA da takwarorinta na maƙwabta: ku daidaita likitocinku, ku karɓi takardun juna. Ɗan talaka ba shi da gona ta biyu.